Kakata Ya Ce

A gidanmu na unguwar Yindiski, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinmu. Mu Barebari ne, kakanninmu daga Barno suka zo Potiskum fatauci suka zauna, kuma a Barbarci kalma guda ake nuna mutum da ita, "shi", ko mai gemu ne ko mai ɗankwali. Da muka ari Hausa don cin kasuwa, sai muka taho da wannan hali muka juye a cikinta. Inna ya tafi rijiya, akuya ya haihu, amarya ya sha lalle. Ba wanda ya taɓa ce mana uffan, don maƙwabtanmu Ngizimawa da Karekare da Bolewa kowa da inda tasa Hausar ta karkace, kuma ana saye ana sayarwa lafiya lau.

Makarantar boko ce ta fara gaya mini cewa bakina na da laifi. Ina aji biyar aka ce kowa ya rubuta insha'i a kan mutumin da ya fi so. Ni kuwa duk duniya ba ni da kamar kakata, uwar babana, mai haɗa turaren wuta. Na cika shafi biyu ina ji da kaina, aka ce in tashi in karanta. Kalma uku kawai na samu na faɗa.

"Kakata ya ce..."

Wani yaro da ke zaune a gabana, ɗan wani Bakano mai sayar da yadi, shi ya fara tuntsirewa da dariya, sauran aji suka amsa masa. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, waɗanda suka fi kowa ƙyaƙyatawa su ne waɗanda na san a gidajensu haka ake faɗa. Laifi tudu ne. Malamin da ke koya mana a lokacin ya karɓi littafin ya bi shi da jar tawada, har shafin ya koma kamar an yanka kaza a kansa. Daga ranar sunana na yanka ya ɓace a makaranta. Ko a filin ƙwallo sai ka ji ana ihu, "Kakata-ya-ce, bugo nan!"

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Na zauna na yi nazari, na gano cewa duk masifar daga mata take fitowa, don haka na kore su kaf daga rubutuna. In aka ce a rubuta labarin ranar Sallah, sai in ce an tashi da wuri, an dafa abinci, an ci, an ƙoshi. Wa ya dafa? Oho. In dabba za ta shigo, to rago ne ko jaki ko zakara. Hatta wuta da rana da mota, da na ji an ce su ma mata ne, sai na riƙa kewaye su. Shekara biyu ina wannan sana'a ba a kama ni ba. Jar tawada ta ragu, amma rubutun ya zamar mini kamar shan maɗaci, ina yi ne don kada a doke ni.

Ina da shekara goma sha huɗu, muna aji bakwai, wajen ƙarshen shekarun sittin, aka kawo mana sabon malamin Hausa. Dogo ne siriri, Bafulatani, iyayensa makiyaya ne da suka gaji da yawo suka zauna a Damagum. Kullum da guntun alli a maƙale a bayan kunnensa, kuma a bayan kekensa akwai wani akwatin katako na sabulu da yake ɗaurewa da roba. Kowa ya san akwai wasa tsakanin Fulani da Barebari, to Malam bai yi kwana biyu ba ya ga tsagen fuskata ya samu abokin tsokana.

Insha'in farko da ya ba mu shi ne "Gidanmu". Na rubuta babana dillalin shanu, da ƙannensa biyu, da ƙanena, da jakinmu. Da ya dawo da littattafai, ya raba wa kowa nasa, ya riƙe nawa sai da aka fita hutun ƙarfe tara. Sannan ya yafito ni.

"Kai Babarbare, zo nan. Gidanku barikin soja ne?"

Na ce, "A'a, Malam."

"To na duba ciki da bai ban ga mace ko ɗaya ba. Wa ya haife ka, jakin?"

Na sunkuyar da kai ina jiran bulala. Maimakon haka sai na ji yana dariya ƙasa-ƙasa. Ya ce ya riga ya ji sunan da ake kirana da shi, kuma ya gane dabarata tun a layi na uku. "Yaron da zai iya cika shafi biyu bai taka mace ko sau ɗaya ba, ai ya san inda matan suke," in ji shi. "Ni da ka ganni nan, da aka kawo ni makaranta daga ruga, sai da na shekara ina ce wa hedimasta 'ke'. Ga ni ban mutu ba." Bai ce in gyara komai ba. Ya miƙo mini littafina ya ce in je in sha iska.

Ran Alhamis, darasin ƙarshe, ya fitar da mu ƙarƙashin dogon yaro, ya kwance akwatin nan. Littattafan labarai ne a ciki, ba su fi ashirin ba, wasu bangonsu ya tafi an yi musu sabo da takardar buhun siminti. Ya zaro ɗaya ya fara karantawa. Ban taɓa jin an karanta boko haka ba. In tsoho ne ke magana, muryar Malam ta tsufa, in ɓarawo ne, sai ta koma raɗa har sai mun matso. Muna tsaka da jin daɗi, ɓarawo ya ɗora ƙafa ɗaya a kan katanga, karen gidan ya buɗe ido, sai Malam ya rufe littafi, fap.

"Lokaci ya yi. A tashi."

Muka yi caa muna roƙo. Ya ce shi ya gaji, maƙogwaronsa ba na haya ba ne, wanda ke son sanin abin da ya faru ga littafi nan. Haka ya yi ta yi mana kowace Alhamis, mugun mutum, bai taɓa kai labari ƙarshe ba. Yaran da a da ko sunansu ba sa son karantawa suka koma kokawa a kan layin aro. Sharuɗɗansa biyu ne. Ka wanke hannu kafin ka taɓa masa littafi, kuma in ka kai gida ka karanta wa wani wanda bai iya boko ba, da ƙarfi, ka dawo ka faɗa masa abin da mutumin ya ce.

Ni Kaka na zaɓa. Bayan la'asar takan zauna a ƙofar ɗakinta tana farfasa itacen turare, ni kuma in shimfiɗa buzu kusa da ita.

"Maigidana, me Fulatan nan ya ba ka yau?" Haka take kirana, haka kuma take kiran Malam.

Kaka ba ta sauraron labari da baki rufe. In jarumi ya yi wauta, ta zage shi. In mai littafi ya ce ayari ya yi tafiyar kwana goma bai ambaci inda suka sha ruwa ba, ta ce wannan bai taɓa fita ƙofar gari ba. Wata rana na yi ƙoƙarin bayyana mata cewa a Hausa gida namiji ne, ruwa namiji ne, amma wuta mace ce. Ta ajiye wuƙarta ta dube ni.

"Wane ne ya leƙa ya gani?"

Da na kai wa Malam wannan amsa, sai da ya dafa tebur don dariya. Ya ce in rubuta masa ita a takarda kada ta ɓace. Wannan ne karo na farko da wani ya ce in rubuta abu don yana da daɗi, ba don a ba ni maki ba.

Wata huɗu muna haka, na cinye akwatin na koma farko. Abin da ban lura ba shi ne, yawan karantawa da ƙarfi ya gyara mini kunne. "Ta" da "ya" suka fara zama a mazauninsu da kansu, ba bulala ba jar tawada. In na ce "yarinya ya", sai in ji wani abu ya soke ni kamar tsakuwa a cikin tuwo.

Sai ga ranar wanka. Malam ya ce tunda mun ci labarin mutane mun ƙoshi, lokaci ya yi da za mu biya. Kowa ya je wurin wata tsohuwa a gidansu, ya faɗa yana kallona, tsohuwa mace, ta ba shi labarin abin da ya taɓa faruwa da ita, ya rubuto. Kuma kowa zai tashi ya karanta nasa a ƙarƙashin dogon yaro.

Ban so ba. Amma na je na tambayi Kaka, ita kuwa kamar jira take. Ta ba ni labarin ranar da ta fara sauka Potiskum tana yarinya, tare da ayarin babanta masu kanwa, ba ta san kalmar Hausa ko ɗaya ba sai "madalla". Na sha dariya har da hawaye, sannan na zauna na rubuta. Kwana uku ina bin kowane layi da yatsa ina farautar kuskure. Na wanke maganar Kaka tas, na goge ta, na sa mata Hausar da ko ɗan mai yadi ba zai samu abin cewa ba. Na miƙa wa Malam ina taƙama.

Washegari ya kira ni. Babu jar tawada ko ɗigo a shafin.

"Ba kuskure ko ɗaya," in ji shi. "Na yi murna. Amma ina kakar taka?"

Na nuna masa. Ga ta nan tun daga layin farko.

"A'a. Ni na san tsohuwar nan, a wurinta maiɗakina ke sayen turare. Wannan da ka rubuta wata Bakanuwa ce ka aro. Haka kakarka ke magana?"

Na girgiza kai.

Ya zaro allin bayan kunnensa ya zana alamun zance a kan tebur, ƙananan ƙahonin nan biyu na buɗewa da biyu na rufewa. "Ka ga wannan? Shinge ne. Abin da ke wajensa gonarka ce, ka nome ta tas, in na ga 'kakata ya ce' a can ni da kai ne. Abin da ke cikin shingen kuwa gonar tsohuwa ce. Ba ka da ikon cire mata ko ciyawa ɗaya. Je ka mayar mata da kayanta."

Na ce, "Malam, dariya za su yi mini."

"Za su yi dariya kam. Amma akwai dariyar da ake yi maka, akwai wadda kai ka sa aka yi. Ba ka taɓa ɗanɗana ta biyun ba."

Na fito raina a ɓace. Shekara biyu ina gudun abu, na samu na tsere masa da ƙyar, yanzu an ce in koma in ɗauko shi da hannuna in tsaya gaban aji. Na ce a raina wannan Bafulatani so yake ya rama wani tsohon wasa a kaina. Ranar Laraba ce, ranar kasuwa, maimakon in wuce gida sai na zarce kasuwar shanu wurin Baba. Na tsaya ina kallon yadda yake zagaya bijimi yana dafa tozonsa, yana magana da Bafulatani da Fulatanci, ya juya ga mahauci da Hausa, ba mai tambayarsa ko saniya "ya" ce ko "ta". Dama Baba ya sha cewa in boko ta ishe ni, ga wuri nan. Na yanke shawara cewa gobe Alhamis ba za a gan ni a makaranta ba, kuma in ta kama, ba za a sake ganina ba har abada.

Da na koma gida, Kaka na ƙofar ɗakinta. Na ce bari dai in karanta mata abin da na rubuta, ko ba komai wani ya ji wahalar da na sha. Ta saurara har ƙarshe ba ta katse ni ba ko sau ɗaya, abin da ba ta taɓa yi wa wani littafi ba. Da na gama ta gyaɗa kai.

"Wannan mata ya iya magana," in ji ta. "Ɗan wane gari ne?"

Wallahi ba da wasa ta yi tambayar ba. Labarinta ne, ita ta ba ni shi kwana huɗu da suka wuce, amma ba ta ji kanta a ciki ba. Kunya ta kama ni irin wadda ban ji ba ko ranar da aji ya yi mini dariya. Na ɗauko alƙalami da kwalbar tawada, na ce ta sake faɗa mini daga farko, a hankali. Tana faɗa ina rubutawa yadda ya fito daga bakinta, hannuna na ƙaiƙayin gyara ina hana shi. Kafin a kira magariba mun gama. Na karanta mata. Tun ban kai rabi ba ta fara dukan cinyata tana dariya.

"Yawwa! Wannan ni ne!"

Ran Alhamis na je. Da aka zo kaina na miƙe, ɗan mai yadi kuwa har ya gyara zama. Na buɗe littafi na ce, "Kakata ta ce." Na ɗan tsaya don kowa ya ji ta ɗin nan da kyau. Sannan na shiga cikin shinge, na saki muryata ta koma ta Kaka.

"Ranar da muka sauka garin nan, ni yarinya ne ƙarami, Hausa ɗaya na sani, madalla. Babana ya ce, in mutum ya yi maka magana ka ce madalla, ba ka da laifi. Na fita zango kallon kasuwa, na ɓata. Ina tafiya ina kuka, sai ga wani mata, tulunsa ya faɗi ya fashe, yana salati. Ya dube ni ya ce, yarinya, ka ga abin da ya same ni? Na ce, madalla."

Dariya ta fashe. Na ɗago kai. Amma ba irin kallon wancan karon suke yi mini ba. Wani yaro Bakarkare ya riƙe ciki yana cewa, "Wallahi kakarmu! Haka take yi!" Na ci gaba.

"Matan nan ya ɗauki kara ya biyo ni. Ina gudu yana bina, ina waiwaye ina ba shi haƙuri, madalla, madalla, don ba ni da wani magana. Ina ba shi haƙuri yana ƙara fushi."

Nan fa aji ya rikice, har monita ya faɗo daga kan benci. Sai wani shaiɗani ya raɗa mini dabarar Malam. Na rufe littafi, fap, na ce na gaji.

Ɗan mai yadi ne ya fara miƙewa. "Haba, don Allah! Ta kama ta?"

Na bar shi ya roƙa sau biyu, don ni ma ɗan Adam ne. Sannan na buɗe na ƙarasa musu yadda gudun ya kai Kaka har cikin zango, ta faɗa tsakanin ƙafafun babanta, yadda aka ba matar haƙuri da dunƙulen kanwa, da yadda daga baya matar, wadda Bangizimiya ce, ta zama uwar ɗakinta har ta yi mata lallen aure. Layin ƙarshe na Kaka ne: "Da bai kore ni ba, da na ɓata har yau. Kuma shi ne ya koya mini Hausa, shi ya sa ka ji Hausana ya fita tsaf."

Malam na jingine da kekensa yana share ido da hannun riga. Da hayaniya ta lafa, bai yabe ni ba. Cewa ya yi, "Babarbare, ka sace mini sana'a." Sannan ya karɓi littafin, ya ɗinke shafukan da zare, ya yi musu bango da takardar siminti, ya jefa cikin akwatin sabulu tare da sauran. Sati na gaba na ga yara na layin aron labarina, ana tura su su wanke hannu tukuna. Ban san wani farin ciki da ya kai wannan ba, kuma na ga abubuwan farin ciki da dama tun daga lokacin.

Sunan bai bar ni ba. Har muka gama makaranta Kakata-ya-ce ake kirana, sai dai na koma amsawa da ƙarfi. Ranar da za mu rabu, Malam ya ciro ɗan littafin daga akwati, duk ya yi laushi don shan hannu, ya ce in riƙe, wata rana zan fi akwatin bukatarsa.

Kaka ta rasu a tsakiyar shekarun saba'in, lokacin ni ma na fara koyarwa, da nawa akwatin a bayan keke. Bayan sadakar uku, baƙi sun ragu, matan gida na zaune a tsakar gida da hantsi an yi jugum, ƙanshin turarenta bai gama barin ɗakin ba. Ba mu da hotonta ko ɗaya, ba ta taɓa yarda an ɗauka ba. Na shiga na ɗauko ɗan littafin nan, na zauna a inda na saba shimfiɗa buzu, na fara karantawa. Da na kai wurin tulu, gwaggona ta yi dariya ta toshe baki da gefen mayafi. Da na kai wurin gudu, duk suna dariya suna kuka a haɗe, ni ma da ƙyar nake ganin layin.

Na rufe littafin. Inna, mahaifiyata, wadda ta zauna da Kaka shekara talatin a gida ɗaya, ta miƙo hannu ta karɓa. Ba ta iya karatu ba. Ta shafa bangon, ta juya shi, ta dubi ƙofar ɗakin Kaka.

"Shi ne," in ji ta. "Wallahi shi ne."